Yadda Ake Hawan Keke a Hanyoyin Burji na Kewayen Jos, Daga Tafkunan Kuza Zuwa Gindin Duwatsun Shere

Tun da na fara fita bayan gari da keke ranakun Asabar, tambaya ɗaya ake ta yi mini, a ƙofar masallaci, a wurin aiki, har a teburin mai shayi: ta ina kuke bi, kuma me mutum zai tanada kafin ya bi ku? Wasu sun sayi keken sun jingine shi a zaure don ba su san inda za su nufa ba. Wasu sun fita sau ɗaya, ƙaya ta fasa musu taya a tsakiyar gonaki, suka turo keke har gida, daga ranar ba su sake marmari ba. Shi ya sa na ga ya dace in jera abin daki-daki.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga farko. Ƙasar da ke kewaye da Jos ƙasa ce da aka tona. Masu haƙar kuza sun bar tafkuna da ramuka da lambatun da suke jawo ruwa da su, manoman rani suka gaje su suna ban ruwa, damina kuma kowace shekara tana sake wa hanyoyin fasali. Taswirar da ke cikin wayarka ba ta san abin da ruwan jiya ya yi ba. Mutanen da ke zaune a wurin ne suka sani, kuma hanyar tasu ce.

1. Zaɓen keke

Ba sai ka mallaki keken da Turawa suka ƙera musamman don burji ba, mai lanƙwasasshen hannu da taya mai faɗin milimita 38 zuwa 45. Idan kana da shi, madalla. Idan babu, keken dutse mai giya, irin na gwanjo mai taya inci 26, zai kai ka duk inda zan ambata a nan, kuma ta wani ɓangaren ya fi dacewa da mu: tubunsa da tayarsa ana samunsu a hannun kusan kowane mai gyaran keke, kuma bawul ɗinsa irin na mota ne, kowane mai faci zai iya ba ka iska. Keken da ke da taya mai lamba 700 da siririn bawul kuwa, in tubunka ya ƙare a ƙauye, sai dai ka nemi motar da za ta kwaso ka.

Keken tsere mai siririyar taya ka bar shi a kan kwalta. Keken hawa na gargajiya marar giya yana iya yin hanyoyin da suke shimfiɗe, manoma ma da shi suke bi da buhu a kariya, amma hawan Shere zai gagare ka a kansa.

Idan na hannu za ka saya, ka je da rana, ka goge ƙurar jikinsa, ka duba duk inda aka yi walda, musamman wuyan keken da ƙarfen da ke riƙe tayar gaba. Tsaga ko da siririya ce kamar gashi, ka haƙura da shi komai arharsa. Ka ɗaga kowace taya ka juya ta, ka ga ko wilin yana rawa. Ka sa giya ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Wadda ta fi muhimmanci ita ce mafi sauƙi: haƙoran faifan baya mafi girma su kai yawan na ƙaramin faifan gaba, ko su kusa. Da ita za ka hau tudu.

Gargaɗi: kekunan gwanjo daga ƙasashe daban-daban suke zuwa. Na Ingila birkin gaba yana hannun dama, na Amurka da yawancin Turai yana hagu. Ka matse kowanne ka ga tayar da yake kamawa tun kafin ka hau. Mutum ya danne birkin gaba a gangara yana zaton na baya ne, ta kan keken zai wuntsila.

2. Inda kuɗi za su fara tafiya

Farashin kayan keke yana bin dala, don haka ka taya a shago uku kafin ka biya, kuma ka je da keken don a gwada a gabanka. Jerin da nake ba kowa shi ne wannan. Hular kwano da farko, sabuwa idan da hali, domin wadda ta taɓa buguwa da ƙasa ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga a waje ba. Sai tayoyi biyu masu kauri da ƙananan haƙora, don tsohuwar tayar da ta zo da keken gwanjo yawanci ta bushe ta tsattsage a gefe. Sai robar birki da wayoyinsa. Sai famfon hannu da tubu biyu. Bayan waɗannan ne ake maganar wando mai soso, safar hannu, tabarau da fitila.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya zuba duk kuɗinsa a keken, ya bar hula da famfo sai wani wata. Gara ka sayi keke mai rangwame ka bar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin don gyara da kayan nan.

3. Daidaita shi da jikinka

Ka zauna a sirdi, ka ɗora diddige a kan feda tana ƙasa. Ƙafarka ta miƙe sosai. In ka mayar da tafin ƙafa inda ya saba zama, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, nan ne daidai. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa a hawa.

Iskar taya ita ce abin da masu faci suke ɓata mana ba da gangan ba, domin sun saba cika taya har ta zama dutse. A burji wannan yana sa keke ya riƙa tsalle yana zamewa. Mai nauyin kilo 70 a kan taya milimita 40 mai tubu, psi 40 a ma'aunin iska ya ishe shi, ya ƙara kaɗan a baya. A faffaɗar tayar keken dutse, 30 zuwa 35. In babu ma'auni, ka danna da babban yatsa da ƙarfi: ta ɗan shiga kaɗan, kada ta lotse.

Gargaɗi: in ka rage iska fiye da kima, dutse zai matse tubu da bakin wili ya yi masa huda biyu a jere kamar saran maciji. Ganin irin wannan hudar yana nufin iska ta yi kaɗan.

4. Lokacin fita

Mafi daɗin watanni su ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta daskare, ciyawa ba ta gama bushewa ba, tafkuna a cike. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai sanyin da kowa ya san Jos da shi, ga hazo da ƙura. Ka sa riga biyu da safar hannu, ka rufe hanci da ƙyalle in mota ta wuce ka. Maris da farkon Afrilu rana ce da yashi mai laushi. Yuli da Agusta kuwa ruwa ya fi ƙarfi, jar ƙasar tana zama taɓo mai danƙo da ke cushe tsakanin taya da ƙarfe har keken ya ƙi motsi.

Ka fita da zarar gari ya waye bayan asuba, ka ƙudurta dawowa kafin azahar. Da damina hadari ya fi haɗuwa da yamma, kuma ruwan Jos yakan zo da tsawa, wani lokaci da ƙanƙara. In ka ji tsawa kana kan tudu ko fili, ka sauko, ka nisanci itace guda da ke tsaye shi kaɗai da bakin tafki, ka nemi gini.

Ka tuna da al'adar garin: ranar Juma'a akan tare hanyoyin kusa da masallatai, ranar Lahadi na kusa da majami'u, Asabar ɗin ƙarshen wata kuma akan taƙaita zirga-zirga da safe saboda tsaftar muhalli.

5. Tambayar lafiyar hanya

Wannan matakin ba a tsallake shi. Duk ɗan Jos ya san cewa akwai lokutan da wasu yankunan Riyom, Barkin Ladi, Bassa, Mangu da Bokkos suke shiga tashin hankali, kuma abin yakan taso cikin dare ɗaya. Daren da za ka fita ka saurari labaran rediyon jiha, ka kira wanda ka sani a yankin da za ka bi, direban motar haya ko mai kawo kayan gwari kasuwar Farin Gada, ka tambaye shi. In aka ce maka akwai ɗar-ɗar, ko an sa dokar hana fita, ka fasa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kada ka fita kai kaɗai a hanyar da ba ka taɓa bi ba. Mutum uku sun fi biyu: in ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya tsaya da shi, ɗaya ya nemo taimako. Ka faɗa wa wani a gida sunayen wuraren da za ka ratsa da lokacin da za ka dawo. Ka sa katin shaidarka a aljihu, ka rubuta lambar wani naka a takarda, ka haddace 112, lambar kiran gaggawa.

6. Zana hanyar

Ka buɗe hoton tauraron ɗan'adam a Google Maps. Jar hanya mai faɗi burji ce da mota ke bi. Siririn farin layi tsakanin gonaki hanyar ƙafa ce ko burtali. Shuɗi ko koren tabo mai gefe a tsaye tafkin kuza ne. Inda ka ga ƙasa ta yi fari da ƙananan ɗigo-ɗigo kamar an yi mata zanen suna, wurin 'yan loto ne, wato masu haƙar kuza da hannu, ramuka ne, ka kewaye.

Taswirar da Google ke ajiyewa a waya don amfani ba intanet ba ta ɗauke da hoton tauraron, saboda haka ka ɗauki hoton allon wayar a duk mararrabar da kake shakka. Manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps suna aiki ba sabis, Strava da Komoot kuma suna nuna yawan hawan da ke gabanka.

Ka zana hanyar ta zama zagaye wanda ba ya nisa da kwalta fiye da tafiyar awa ɗaya a ƙafa, kuma ka san mafita biyu aƙalla. A lissafin lokaci, sabon shiga ya sa kilomita 10 zuwa 12 a awa. Wanda yake yin kilomita 40 a kwalta ya fara da 20 a nan. Jos tana sama da teku da kimanin mita 1,200, don haka baƙon da ya zo daga Kano ko Abuja zai ji numfashinsa ya fi saurin ƙarewa a kwanakin farko.

Ga yankuna uku, bisa tsarin da nake so mutum ya bi su.

Na farko, kudancin gari: Rayfield, Du, Zawan har zuwa bayan Bukuru. Nan ne makarantar koyo. Ƙasar a shimfiɗe take da 'yan tuddai, tafkunan kuza a ko'ina, layukan itatuwan turare, lambunan kabeji da karas da latas da dankalin Turawa, ga ƙananan lambatu da bututun ban ruwa suna ratsa hanya. Kwalta ba ta taɓa yin nisa, akwai shaguna, akwai masu faci. Ka yi zagayen kilomita 15 zuwa 25 a nan sau uku ko huɗu kafin ka wuce gaba. Wanda ya ƙware yana iya miƙawa wajen Shen, inda madatsar ruwa ta Yakubu Gowon take, ko ya ɓulla ta Kuru da Vom.

Na biyu, gabas: ta Lamingo, gefen madatsun ruwa, zuwa gindin duwatsun Shere. Wannan ce hanyar da ta fi shiga raina. Da sassafe hazo yana kwance a kan ruwan, duwatsun suna fitowa ɗaya bayan ɗaya yayin da rana take ɗagowa, ga sanyi yana ratsa yatsu. Nisan ba shi da yawa, kilomita goma ne ko kusa daga gari, amma hawa ne mai tsakuwa da duwatsun da ruwa ya tono. Ƙololuwar Shere ta haura mita 1,800, kuma ba da keke ake kai mata ba. Namu shi ne gindin: hanyoyin da ke zagaya ƙauyukan Afizere da gonakin acca da masara. A yankin akwai cibiyar horar da shugabanci da ake kira makarantar dutse, ga wuraren hukumar ruwa. Inda ka ga shinge ko mai gadi ka tsaya ka nemi izini.

Na uku, na masu gogewa ne da mota: Kurra Falls a ƙaramar hukumar Barkin Ladi, inda kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929 don bai wa ma'aikatun kuza wuta, yake da madatsai da magudanan da ke kai ruwa ga injinan lantarki. Wuri ne mai kyau ƙwarai, amma na kamfani ne kuma yana yankin da sai an tabbatar da lafiyarsa. Ba a zuwa sai da izini da ɗan gari a tare.

Gargaɗi: kada sha'awar ganin magangarar ruwa ta Assop ta sa ka gangara Hawan Kibo da keke. Hanyar manyan motoci ce, mai kwana da gangara mai tsawo. Ka sa keken a mota.

7. Abin da za ka ɗauka

Ruwa lita biyu don tafiyar awa uku, ko da gari da sanyi. Sanyin Jos yana ɓoye ƙishi, ranar kuma tana ƙuna. A gora ɗaya ka haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Abinci mai sauƙi, dabino, ayaba, gyaɗa, ƙuli-ƙuli ko dafaffen dankali. Ka ci kaɗan kowace awa tun kafin yunwa ta kama ka.

Kayan gyara: tubu biyu, faci da sholisho, 'yar takardar gogewa, ƙarfen cire taya biyu, famfo, alanki mai lamba 4, 5 da 6, sifana 15 in tayarka da noti take, mahaɗin sarƙa wanda ya dace da yawan giyarka, da guntun tsohuwar taya. Bandeji, auduga da maganin wanke ciwo. Rigar ruwa mai sauƙi da damina. Sai tsabar kuɗi ƙananan canji, wanda zai isa a ɗauko ka da kekenka zuwa gida, domin a bayan gari sabis yakan ɗauke, tura kuɗi ta waya ya gagara.

Ka gwada famfon a gida a kan bawul ɗinka. Na taɓa tsayawa taimakon wasu samari biyu a bayan Zawan, da famfo sabo fil a jakarsu, bakinsa bai shiga bawul ɗinsu ba.

8. Tuƙi a ƙasa

A burji ka sassauta riƙon hannu, ka ɗan lanƙwasa gwiwar hannu, ka bar keken ya yi rawarsa a ƙarƙashinka. Ka kalli inda kake so ka bi, taku goma gaba; dutsen da ka zuba wa ido shi za ka taka.

A hawa, ka sauya zuwa giya mai sauƙi tun kafin tudun ya kama ka, domin sauya giya kana danna feda da ƙarfi shi ke tsinka sarƙa. Ka zauna a sirdi. Da zarar ka miƙe tsaye a kan tsakuwa, tayar baya za ta yi ta juyawa a banza. In ya gagara ka sauka ka tura, kowa yana yi.

A gangara ka ja jiki baya, fedoji a daidai da juna, birki biyu tare a hankali, kana kamawa kana saki. Ka rage gudu kafin kwana. Cikin kwanar kada ka taɓa birkin gaba. Gangaren gindin Shere suna da kwazazzabai da ruwa ya yanka a tsakiyar hanya, wasu zurfinsu ya kai gwiwa, kuma ba ka ganinsu sai ka zo kai.

A yashi ka sa giya mai sauƙi, nauyi a baya, ka ci gaba da taka feda, kada ka yi ƙoƙarin juya kan keken da ƙarfi. Layin dogo kuwa, wanda za ka tarar a wajen Bukuru da Kuru, a miƙe ake tsallake shi. In ka zo masa a karkace zai kwashe tayar gaba.

9. Ruwa, lambatu da ramuka

A nan ne hatsarin gaske yake, don haka zan ɗan daɗe.

Tafkin kuza ba kududdufi ba ne. Rami ne da injina suka haƙa, gefensa a tsaye, zurfinsa ba ya nunawa daga sama, ƙasansa laka ce mai riƙe ƙafa, ruwan ƙasan kuma da sanyi ƙwarai. Duk wanda ya girma a Jos ya ji labarin wanda ya shiga bai fito ba. Komai zafin da ka ji kada ka yi iyo a ciki, kada ka sha, kada ka gangara bakinsa don wanke keke. Hanyar da ta bi gefen tafki ka bar taku uku tsakaninka da gaɓar, domin ruwa yana cin ta ta ƙasa, saman yana nan kamar lafiya.

Ramukan 'yan loto sun fi wannan ɓoyuwa. Bakinsu bai fi na rijiya ba, ciyawa tana rufe su da damina. Dokar ɗaya ce: kada ka bar sawun da ƙafa ta riga ta taka. Ko fitsari za ka yi, ka duba inda kake sa ƙafa.

Lambatun ban ruwa da bututun roba da ke ratsa hanya dukiyar wani ce. Ka sauka ka ɗaga keken ka tsallake. Kada ka hau kan kunyar da ke riƙe ruwan, in ta fashe ka jawo wa mutum asarar ban ruwan yini guda. Gadar katako ko ta itace biyu da aka shimfiɗa, a ƙafa ake bin ta.

Rafi kuma, in ruwan ya yi ja yana gudu, ko ya kai gwiwa, ka koma. Ruwan da aka yi a kan duwatsu yana iya cika rafi a ƙasa alhali inda kake ko ɗigo bai sauka ba. In ƙarami ne mai haske, ka saɓa keken a kafaɗa, domin ruwa in ya shiga cibiyar taya da ta feda yana wanke man da ke ciki. Bayan ka tsallake ka matsa birki sau da yawa har ya bushe.

10. Mutane, shanu da karnuka

Ka rage gudu tun kafin ka shiga ƙauye, ka cire tabarau, ka yi gaisuwa. "Sannu da aiki, Baba." "Mama, sannunku, ya gona?" Da Hausa za a amsa maka a ko'ina a yankin nan, ko a ƙauyen Berom ne ko na Afizere ko rugar Fulani. Matambayi ba ya ɓata, amma tambayar ma tana da yadda ake yin ta. In ka ce "wannan ce hanyar Du?" mai kunya zai ce maka eh don kada ya ba ka kunya. Ka ce, "Baba, hanyar nan ina take ɓullewa? Mashin yana wucewa yanzu?" In mashin yana wucewa, keke zai wuce. In ya ce gada ta karye ko kada ku bi ta can, ka yarda da shi ko da wayarka ta nuna hanya a buɗe.

Wasu duwatsu da kurmi wuraren al'ada ne ga masu ƙasar. In aka ce ba a shiga, ba a shiga. Kada ka ɗauki hoton mutum ko gidansa sai ka tambaya. Shingen jami'an tsaro, bariki, gidan gwamnati da ke Rayfield da injinan madatsar ruwa, ka bar waya a aljihu. A shinge ka sauka daga keken tun daga nesa, ka gaisa, ka faɗi inda ka fito da inda za ka.

In ka haɗu da garke, ka tsaya a gefe, ka sauka, ka ce wa makiyayin sannu da kiwo, ka jira su wuce. Kada ka kaɗa ƙararrawa, kada ka ratsa tsakanin saniya da ɗan maraƙinta. Kare in ya biyo ka, gudu yana ƙara masa ƙaimi. Ka sauka, ka sa keken tsakaninku, ka ja da baya a hankali kana kiran masu gida. In ya cije ka ko ya yakushe ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka tafi asibiti a ranar don allurar ciwon haukan kare. Saran maciji kuma ba a ɗaurewa, ba a tsagawa. A hana ƙafar motsi a kai mutum asibiti da mota.

Gargaɗi: shingen ƙerana da ke kewaye gonaki da gidaje a ƙauyukan nan yana da ƙaya, kuma farin ruwansa yana ƙona fata. In ya taɓa hannunka kada ka kai shi ido. In ya shiga ido, ka yi ta zuba ruwa mai tsabta, ka nemi asibiti. Inda aka sassabe shi aka zubar a hanya, ka ɗaga keken.

11. In taya ta fashe

Ka matsa gefe, ka sa sarƙa a ƙaramin faifan baya kafin ka cire tayar baya, mayarwa za ta yi sauƙi. Ka cire tubun, sannan ka bi cikin tayar da yatsa a hankali har ka gano ƙayar ka zare ta. Wannan shi ne abin da aka fi mantawa, sai sabon tubu ya fashe kafin a yi taku ɗari. Ka ɗan hura wa sabon tubun iska kaɗan ya yi siffa, ka saka, ka mayar da tayar da hannu, ka duba zagaye cewa bakin taya bai danne shi ba, sannan ka cika.

Tubun da ya fashe ka bar facinsa sai an zauna hutawa: a goge wurin, a shafa sholisho siriri, a jira ya bushe har ya daina sheƙi, sannan a manna a danne. In tayar kanta ce ta yage, guntun tsohuwar tayar nan ka sa ta ciki ya tare tubun, ka rage gudu, ka nufi kwalta mafi kusa.

12. Bayan an dawo

Ka sanar da wanda ka bar wa saƙo cewa ka iso. Ka wanke keken a ranar da bokiti da soso, domin jar ƙasa in ta kwana tana cin sarƙa. Kada ka kai shi wurin wankin mota a harba masa ruwan inji, yana tura ruwa cikin cibiyoyi. Ka goge sarƙar ta bushe, ka ɗiga mata mai a kowace gaɓa, ka goge rarar da tsumma. Baƙin man da aka juye daga mota yana tara ƙura ya zama kamar takardar gogewa. Man keken ɗinki ma ya fi shi. Kada man ya taɓa wili ko faifan birki.

Sai ka juya kowace taya a hankali a gaban haske ka zare ƙananan ƙayoyin da suka maƙale ba su kai ga tubu ba tukuna, ka duba robar birki, ka mayar da tubu biyu cikin jaka. Kafin ka manta, ka rubuta a littafi ko a waya ranar da ka bi hanyar, inda gada ta karye, inda aka buɗe sabon rami, da ƙauyen da ke da shago da mai faci, ka tura wa waɗanda za su bi ta mako mai zuwa.